Tsohon mai shirin rediyon da na shaƙu da muryarsa zai zo garinmu: in je ko kar in je?

Direban Dare:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wani tsohon Bature mai surutu a rediyo, amma ku daure ku karanta.

Mazauna Amurka, musamman mu na nan Minesota, kun san Garrison Keillor. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya kafa shirin A Prairie Home Companion a 1974 a gidan rediyon jama'a na jihar nan, MPR, kuma in ban da ɗan hutun da ya yi a ƙarshen shekarun 1980, shi ya riƙe shi har 2016. Duk Asabar da yamma, awa biyu cur, kai tsaye a gaban 'yan kallo, galibi daga zauren Fitzgerald da ke St. Paul. Ga makaɗa, ga wasan kwaikwayo, ga tallan barkwanci na kayan da babu su a kasuwa. Can wajen ƙarshe sai ya sauke murya ya shiga ba da labarin wani ƙauye da ya ƙaga da kansa, Lake Wobegon. Lokacin da shirin ke tashe, mutum wajen miliyan 4 ne ke kasa kunne duk mako.

Ni tasi nake ja. Da na zo ƙasar nan Turancina na takarda ne, in Ba'amurke ya buɗe baki sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Mutumin nan kaɗai nake ganewa, don a hankali yake magana, yana jan numfashi har ka ji hucinsa a lasifikar mota. Da shi na gyara kunnena. Amma ba Turancin ne ya riƙe ni ba, mutanen ƙauyen nasa ne. Masu kunya, masu ƙin a yabe su a gaban jama'a, masu gulmar juna bayan an taso daga coci, irin magidancin da zai mutu bai ce wa matarsa yana sonta ba amma zai tashi da asuba ya kwashe mata ƙanƙarar da ta rufe mota. Wallahi in ka cire sanyin da cocin, mutanen garinmu ne. Duk wanda ya taso yana ganin babansa a kan buzu da rediyo a gefe ana jiran BBC ko Rediyo Kaduna, ya san yadda murya ke zama ɗan gida ba ka taɓa ganin mai ita ba. A lokacin yana da wani ɗan shirin ma na minti biyar kullum, The Writer's Almanac, ya faɗi abin da ya faru a rana irin ta yau sannan ya karanta waƙa guda. Sau da yawa fasinja na ciki nake ƙara murya, ba na ko neman izini.

Ranar 29 ga Nuwamba 2017 MPR ta ce ta raba gari da shi saboda zargin rashin ɗa'a ga wata da suke aiki tare. Yana da shekara 75 a lokacin. Shi kuma ya shaida wa jaridar Star Tribune cewa abin da ya faru shi ne matar tana gaya masa damuwarta, ya kai hannu zai dafa bayanta ya rarrashe ta, rigarta a buɗe take, hannun ya shige ya taɓa fata, ta zabura, ya ba ta haƙuri. Daga baya, a Janairun 2018, gidan rediyon ya fito ya ce maganar ta wuce haka nesa. Ba a taɓa gurfanar da shi a kotu kan wani laifi ba.

To bana, 2024, yana rangadin cikar shirin shekara 50, kuma zai dawo zauren Fitzgerald ɗin. Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya san ina son shirin, ya sayi tikiti biyu ya kawo min ɗaya har gida. 'Yata da ke jami'a ta ga tikitin a kan firji ta ce, "Baba, kai ma?" Daga haka ba ta ƙara ba, ta shige ɗaki. Tun ran nan abin ke cina.

In je? In na je na yi laifi? In ban je ba, me na gyara?

Dattijon Fagge:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ban san mutumin ba, ban taɓa jin muryarsa ba, amma na san irin wannan magana.

Allah Ya ce in labari ya zo mana mu bincika, Ya kuma hana mu yawan zato. Duba Suratul Hujurat, aya ta 6 da ta 12. Kai da bakinka ka ce ba alƙalin da ya kama shi da laifi. To kai ne za ka zama alƙalin? Shari'a ba ta yi wasa da mutuncin mutum ba, shi ya sa ta nemi shaidu huɗu kafin a jefi wani da alfasha. Yanzu kuwa an wayi gari mace ɗaya ta yi magana, aikin shekara arba'in ya rushe kafin la'asar. Tsoho mai shekara 75! Kuma su Turawa ai rungume-rungume da dafa kafaɗa al'adarsu ce, su suka halatta wa kansu cakuɗuwar nan sannan su dawo suna kuka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maƙwabci ya girmama ka, kar ka watsa masa ƙasa a ido. Ka je, ka dai lura da lokacin magariba. Yarinya kuma ka zaunar da ita ka yi mata nasiha, ƙuruciya ce.

Maman Ilham:

Baba Dattijo, ina gaisuwa, kuma ka gafarce ni, yau ba zan bi bayanka ba.

Yaya Direba, ka ba da labarin dafa baya dalla-dalla har da zaburar matar, amma da ka zo kan abin da aka bayyana a Janairu sai ka dunƙule shi a layi ɗaya ka wuce. Ba kai kaɗai ba ne, duk masoyansa haka suke yi. Bari in warware shi don Baba ya ji.

Shugaban MPR na lokacin, Jon McTaggart, ya rubuta wa masu saurare cewa lauyan matar ya aiko musu da takarda mai shafi 12 tun a watan Oktoba, tana ɗauke da gomman abubuwa da aka ce sun faru cikin shekaru: neman ta da lalata, saƙonnin batsa a rubuce, da taɓa jikinta ba da sonta ba. A ranar dai 'yan jaridar sashen labarai na gidan suka fitar da nasu binciken, kuma ba mace ɗaya suka samu ba. Sun ba da labarin wata waƙar batsa da ya rubuta a 2012 ya baje a allo a kantin littattafansa, a kan wata yarinya da ke aiki a kantin. Sun ba da labarin wata ta ƙarƙashinsa da suka yi soyayya, wadda kamfaninsa ya aika wa cakin dala 16,000 a 2009 tare da takardar alkawarin yin shiru, ta ƙi sa hannu. Shi ya musanta cewa ya ci zarafin kowa, wannan haƙƙinsa ne kuma na faɗa don adalci. Amma bai musanta rubuta saƙonnin ba. Cewa ya yi rubutun soyayya ne kawai tsakanin abokai, kuma ita ma tana mayar masa.

Nan ne nake son mu tsaya. Matar nan aikin rubutu da bincike take yi wa shirin, ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce, kuma shirin nasa ne, kamfanin da ke shirya shi nasa ne. In ya daina kiranta, abincinta ya yanke. Mace a wannan hali in oga ya turo mata saƙon banza da dare, me kuke so ta mayar? Ni na sani, don na taɓa zama ita. Lokacin bautar ƙasa an tura ni wani ofis, shugaban wurin dattijo ne mai furfura, mai raha, shi ke biya wa masinja kuɗin asibiti, kowa Baba yake ce masa. In zai miƙo min fayil sai ya haɗa da yatsuna ya riƙe. In na shiga ofishinsa sai ya ce in turo ƙofa saboda sanyin na'ura kar ya fita. Ni kuwa dariya nake yi, ina cewa "Kai Baba, ka cika wasa," domin shi zai sa hannu a takardar da ake biyana alawus da ita duk wata. Da wani ya leƙo ya ga dariyar, rantsuwa zai yi cewa da yardata. Na koma gida na gaya wa yayata, ta ce in rufa wa kaina asiri, wa zai yarda da ni a kan mutumin da ya gina masallacin unguwa.

Batun shaidu huɗu kuma, Baba, ka fi ni sani, wannan na haddin zina ne da ƙazafi, a Suratun Nur. Ba wanda ya ce a yi wa tsohon nan haddi. Mai gidan aiki ne ya bincika ya ce ba zai ci gaba da hulɗa da shi ba. Kai ma in yaron shagonka yana damun 'yan matan da ke zuwa sayayya, ba za ka jira shaidu huɗu ba kafin ka sallame shi. Kuma a ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da magana ta zama tsakanin mutum biyu ba mai shaida, ai riga aka duba, ta gaba ta yage ko ta baya. A nan ma akwai abin dubawa, saƙonni ne a rubuce. Ayar da ka kawo cewa ta yi a bincika. Ba ta ce a yi shiru ba.

Wani abu da ya fi ba ni haushi: kwana ɗaya kafin a sallame shi, jaridar Washington Post ta buga sharhinsa yana kare Sanata Al Franken, wanda shi ma mata ke zargi a lokacin, yana cewa kiran ya yi murabus shirme ne. Ya rubuta wannan alhali ya san ana binciken sa, bai gaya musu ba. Shi ya sa su ma suka daina ɗaukar rubutunsa. Wannan ba aikin tsohon da ya ruɗe ba ne.

Daddawar nan kuma da ake ce wa tana wari, ita muka ji ana ta faɗa a 2019 da 'yan matanmu suka fara ba da labaransu a Twitter ƙarƙashin ArewaMeToo. Ba a tambayi mazan komai ba, su aka tambaya me ya kai su.

Yaya, 'yarka ba ƙuruciya ke damunta ba. Lissafi take yi: in wata rana malaminta ko ogan ta mai farin jini ya yi mata haka, ta zo ta gaya maka, wa za ka gaskata?

Ɗan Gobir a Landan:

Anti Maman Ilham ta gama magana a kan wancan ɓangaren, ba abin da zan ƙara. Ni inda zan sa baki daban ne.

Mu a nan Birtaniya mun ga mafi muni. Jimmy Savile ya yi shekaru yana shirye-shirye a rediyo da talabijin na BBC, yana tara wa asibitoci kuɗi, har sarauniya ta ba shi lambar girma. Ya mutu a 2011 ana ta yabo. Shekara guda bayan haka asiri ya tonu, mutane ɗaruruwa suka fito, da yawansu suna yara lokacin da ya lalata su. Iyalinsa da kansu suka sa aka cire dutsen kabarinsa. Na kawo shi ne don in ce kar a zuba kowa a buhu ɗaya. Abin da ake zargin Keillor da shi ba fyaɗe ba ne, ba yara ba ne. Babba ne da ya yi amfani da girmansa a kan matan da ke ci a ƙarƙashinsa. Laifi ne, amma kowane laifi da ma'auninsa. Ranar da aka sallame shi ita ce ranar da tashar talabijin ta NBC ta kori mai gabatar da shirinta Matt Lauer kan zargin cin zarafin mata, ana tsakiyar guguwar da ta taso bayan tonon asirin mai shirya finafinan nan Harvey Weinstein, sai sunayen suka cakuɗe a kan mutane.

Kuma gidan rediyon ma yana da nasa. Sun yi kusan wata biyu ba su faɗi takamaiman abin da ake zargi ba. Duk tsawon lokacin nan labari ɗaya ne a gari, nasa, na dafa baya. Mutum kuwa abin da ya fara shiga kunnensa shi ke zama. Har yau in ka tambayi tsofaffin masoyansa za su ce maka an kori bawan Allah don ya dafa bayan mace. Sannan suka rufe rumbun tsofaffin shirye-shiryen gaba ɗaya daga intanet, alhali ba muryarsa kaɗai ke ciki ba, akwai makaɗa da mawaƙa da 'yan wasa birjik waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sai a Afrilun 2018 suka daidaita da shi aka sake buɗewa. Chris Thile da ya gaje shi, shi ma ya sha ɗaci, aka sauya wa shirin suna ya koma Live from Here, a 2020 kuma aka rufe shi.

Malam Direba, ni a wurina tambayarka biyu ce ka haɗe. Sauraron tsohon faifai a motarka daban, zuwa zaure daban. Faifan ka riga ka saya, abin da ya ba ka ya ba ka, Turancin da ka koya ba za ka amayar ba. Labarin ƙauyen nan in ya yi daɗi a 2005, bai daina daɗi ba don an gano halin mai ba da shi. Mu da muka taso da waƙoƙin makaɗan fada da na 'yan siyasa, wa ya taɓa bincikar halin kowannensu kafin ya kaɗa kai? Amma zaure wani abu ne. In ya fito da jajayen takalman da aka san shi da su za a miƙe tsaye a yi ta tafi, kai ma za ka miƙe don ba za ka zauna kai kaɗai ba. Wannan tafin ba na labarin ƙauye ba ne, na cewa ne "mun wanke ka." Kuma har yau, iyakar abin da ya fito daga bakinsa a fili, shi yake ganin an zalunta. Da ya taɓa fitowa ya ce na yi amfani da matsayina ba daidai ba, da ni ma zan ce ka je.

Dattijon Fagge:

'Yata Maman Ilham, na karanta, kuma abin da ya same ki Allah Ya saka miki. Batun rubutattun saƙonni ban san da shi ba, ɗana Direba bai kawo shi ba. In da rubutu, magana ta canza. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: ba a rufe wa mai rai ƙofar tuba, kuma ba a hana tsoho neman abincinsa. Ɗan Gobir, kai da ka ce sai ya fito ya faɗa a fili, tuba ai tsakanin bawa da Ubangijinsa ne.

Maman Ilham:

Amin Baba, na gode. Haƙƙin Allah ne ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Haƙƙin mutum sai an nemi mai shi. Kuma ba wanda ya hana shi cin abinci, ga shi nan yana cika zaure yana da shekara 81.

Direban Dare:

Na gode muku duka. Baba Dattijo, Allah Ya ƙara girma. Ƙanwata Maman Ilham, maganarki ta yi zafi amma ta shiga.

Akwai abin da ban faɗa ba a farko. Bayan abin ya faru na ci gaba da sa faifan a mota, amma akwai wuraren da yanzu nake tsallakewa. Yana da wani wasa na ɗan sandan ciki mai zaman kansa, Guy Noir, wanda kusan kullum sai wata kyakkyawa ta shigo ofishinsa ya tsaya yana siffanta ta daga sama har ƙasa, jama'a na dariya. Da can ni ma dariya nake. Yanzu in ya fara sai in tuna yarinyar kantin littattafai ta zo aiki da safe ta tarar da waƙa a kanta a allo, abokan aikinta na karantawa. Sai hannuna ya kai kan maɓalli. Labarin ƙauyen kuwa har gobe ina ji, ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya ba fasinja shi ke taya ni zama.

Ɗan Gobir, rabewar da ka yi ta yi min. Faifai na nan, zaure ba zan je ba. Daren Asabar ma dama shi ne daren samu a wurinmu.

Jiya na zauna da yarinyar. Ban yi mata nasiha ba, Baba, tambayarta na yi ko wani ya taɓa yi mata irin wannan. Ta ce ita dai a'a, amma ta lissafo min ƙawayenta biyu, ɗaya a wurin aikin hutu, ɗaya a makaranta. Yaran nan ina ganinsu suna shigowa gidana suna cin tuwo, ban taɓa sani ba.

Saura maƙwabcina. Mutumin kirki ne, tun shirin yana sabo yake sauraro, matarsa da suke zuwa kallo tare ta rasu, shi ya sa tikitin ya zama biyu. Yana cikin masu cewa dafa baya ne kawai, kuma ba na son in je in tsaya a ƙofarsa ina karanto masa shafi 12. Ba na kuma son in yi masa ƙaryar aiki ya riƙe ni, don zai ce mu je na washegari. Wanda ya san yadda ake mayar wa dattijon Bature kyauta ba tare da ransa ya ɓaci ba, don Allah ya taimaka min kafin Juma'a.